Ranar da Inna ta Kira Sunansa

Jikata ce ta tono mini abin da na binne. Tana makarantar lise a nan Tawa, an ba su wani littafi na Faransanci su karanta, labarin wani gari da sojojin wata ƙasa suka mamaye lokacin yaƙin Turawa. Kullum bayan la'asar sai ta zo ta baje a bakin tabarmata, tana karantawa tana juya mini da Hausa, irin Hausarsu ta 'yan lakwal, wato 'yan boko, da rabinta ba Hausa ba ce. Ni dai ina saurare ne don gwiwoyi sun hana ni zuwa ko'ina, sau da yawa ma gyangyaɗi nake yi. Amma da ta kai inda sojojin suke cinye kajin mutane, suke hana taro, suke shan ruwa kafin masu rijiya, sai barci ya sake ni. Na ce mata wanda ya rubuta wannan ya ga soja da idonsa. Shekaranjiya kuma ta kai wurin da aka kashe wa wata mata ɗa, ta faɗi a tsakiyar titi tana ƙwala kiran sunansa. Na ce, "Tsaya. Ɗan nata na nawa ne?" Yarinyar ta dube ni ta ce, "Kaka, ba a faɗa ba. Mi ruwan labari da wannan?" Na ce ta ci gaba, amma ban ƙara jin ko kalma ɗaya ba.

Mi ruwansa, in ji ta. To ina za ta sani? Yanzu za ka ga uwa a bayan kabu-kabu, salula a kunne, tana kwarara sunan ɗanta na fari tun daga tasha har kasuwar dabbobi, ba wanda zai waiwaya. A zamaninmu, a ƙauyenmu can arewa da Takanamat, ɗan fari ba naki ba ne. Ba ki kiran sunansa, ba ki ɗaukarsa gaban mutane, in ya faɗi ba ke za ki tashe shi ba. In ya yi abin kirki ki kau da kai, in ya mutu ki haɗiye, kuka na gwaggonni ne da maƙwabta. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma tsofaffi suna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Uwar mijina, wadda nake ce wa Inna, ta fi kowa riƙon wannan. Mijina ne ɗanta na fari. Damina biyu na yi a gidan ban taɓa jin ta ce masa komai ba sai "kai" ko "wancan". In ya dawo daga cin rani, gida ya cika da guɗa, ita tana gindin rumbu da mazarinta tana kaɗi kamar baƙo ne ya shigo neman wuta. Sai dai ni da nake raba tuwo na san wa ake kwashe wa man shanun da ta ɓoye.

Safiyar wancan lokaci ba injin niƙa ke tashe mu ba. Turmi ne, daga wannan gida ya amsa wa wancan, sai kukan jakai, sai ƙarar igiyar guga a bakin rijiya mai zurfin da in ka leƙa sai kanka ya juya. Ƙasarmu duwatsu ce, hatsi a tsakanin tsakuwa yake fitowa, shi ya sa maza ba su zama da rani. Mijina Kumasi yake zuwa dako, ya dawo kafin ruwan shuka da turmin atamfa da labarai da wani fito da yake yi da baki wanda Baba, mahaifinsa, ya tsana. Mutum ne mai dariya, ba ya iya wuce mai kaya bai taya shi ba. Fura yake so mai gaya, wadda ta ji citta har tana sa hawaye. Ni kuwa yarinya ce mai rawar kai, mai ganin ta fi kowa dabara. Wannan hali shi ya ci ni.

Turawa ba su daɗe da tafiya ba. An ce mana an samu 'yanci, mu dai abin da muka gani shi ne tutar ƙofar kumandan, mai mulkin yankinmu, ta canza launi. Sai aka fara raɗe-raɗin jam'iyyar da aka hana, da mutanenta da suka gudu waje, wai sun fara dawowa ta daji da bindigogi. Ana cikin yankan hatsi huɗu daga cikinsu suka ɓullo ta gonarmu, leɓunansu sun tsage don ƙishi. Ɗaya ya san mijina tun Kumasi. Mijina ya miƙa masu ƙwaryar furarsa, ya nuna masu hanyar wata rijiya a cikin kwari. Iyakar siyasarsa ke nan a duniya, wallahi. Bayan kwana biyu aka kama ɗayansu, aka yi masa dukan da ya lissafa duk wanda ya ba su ko da ruwa. Wani mai jakai ne ya kawo mana labari daga kasuwar Takanamat, ya ce sunan mijina yana cikin takarda, kuma waɗanda aka kama irin haka ba a ganin dawowarsu.

Akwai wani kogo a dutsen da ke saman gonarmu, da kuraye ke kwana a ciki. Can mijina ya hau. Baba da liman da mai gari suka zauna a zaure, suka yanke cewa za a ce ya bi mutanen nan wajen iyaka, maciji ya sare shi a hanya, makiyaya sun binne shi. Gawa ba ta nan, ba wanda zai ce a tona. Amma mutuwa ba ta tabbata sai an ga matar mamaci cikin takaba. Aka kira tsofaffin mata suka tsefe mini kitso, suka cire mini 'yan kunne da awarwaro, suka ba ni 'yar wuƙa in riƙe. Wata gwaggon mijina tana tsefewa tana girgiza kai. Ta ce, "Ɗiyata, wanga abu kiran mutuwa na. Allah dai shi sa ba ta ji ba." Na ji tsoro har cikin ƙashina, ga shi ina da ƙaramin ciki wanda ban ko faɗa wa kowa ba. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Washegari muka ji gurnanin kamiyo biyu, manyan motocin soja, abin da wasu yaran garin ba su taɓa gani ba. Sojoji suka sauka a rumfunan kasuwa suka mayar da su gida. Babbansu ana ce masa ajidan, mutumin nesa ne, Hausarsa ba ta wuce ta sayen goro ba. Yana da wani gardi, irin dogaran gwamnati, mai yi masa tafinta, dogo, ɗan wajen Tebaram, wanda da ya buɗe baki ka san namu ne. Aka hana fita gari sai gona, aka hana mutum uku tsayawa wuri ɗaya in ba masallaci ko makoki ba. Kowane gida da ranar da zai kai tuwo da kaza. A rijiya sai an cika gangunansu kafin mace ta sa gugarta, wata rana har azahar tuluna a jere ba kowa ya sha. Duk da haka, kaf garin nan, daga tsoho har yaron da ke bin awaki, ba wanda bai san inda mijina yake ba, kuma ba wanda ya yi ko tari. Mata suna kai masu kajin da suka daina ƙwai, masu naman da sai ka yi rantsuwa kafin ka tauna. In sun tambayi hanya a nuna masu mai ƙaya. Liman kuwa, da aka taru gaisuwa, bai yarda ya yi ƙarya gaban Allah ba. Ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya jiƙan waɗanda sunka riga mu, ya kyauta namu zuwa." Kowa ya shafa.

Ni ina ɗaki, kai a tsefe, ba kwalli, ba sabulu sai Juma'a, magana ƙasa-ƙasa. Abu ɗaya ya riƙe ni. Kowace safiya nakan fito bayan ɗaki in kirɓa fura, in zuba mata citta yadda yake so, Baba ya ɗauka ya tafi yankan hatsi. Sojan da ke bakin hanya yakan buɗe ƙwaryar ya yi dariya, wai tsoho yana cin rabon mutum biyu. Da yamma ƙwarya ta dawo a wanke. Wankin nan shi ne wasiƙata, don Baba bai taɓa wanke ƙwarya ba tun da aka haife shi.

Ranar sadakar uku ajidan ya shigo har cikin gida, gardi na biye. Ya dube ni, ya dubi matan da ke sheshsheƙa, sannan idonsa ya tsaya kan Inna. Tana gindin rumbu tana kaɗi, idonta a bushe ƙamas. Ya daɗe yana kallonta. Ya nuna ta, ya nuna idonsa, ya yi wa gardi magana da Faransanci. Gardi ya ba shi amsa mai tsawo, yana yi yana lissafi da yatsa. Ajidan ya gyaɗa kai a hankali, suka fita. Ba wanda ya ji abin da suka ce, duk garin ba mai jin Faransanci. Amma ni mai dabara, ni da na fi kowa gani, na riga na fassara. Na ce ai bai yarda ba. Ya ga uwa ba ta kuka, ya gane ɗanta na raye.

Kwana huɗu na yi ina bin Inna da magiya. Surukar da ko ido ba na iya haɗawa da ita, na durƙusa gabanta na kama ƙafarta.

"Inna, ki yi kuka ranar bakwai. Don Allah, don Annabi."

"Ke ɗiyag ga, kin san abin da kike roƙo?"

"Na sani. Mutumen nan ba namu ba ne, bai san kunya ba. A garinsu uwa birgima take yi. In bai ga hawayenki ba, dutsen nan za su hau."

"Uwata ba ta yi ba. Kakata ba ta yi ba. In tashi da furfura in yi abin da za a riƙa faɗi bayan raina?"

Sai na faɗi maganar da har yau take ci mini rai. Na ce, "Inna, kunya ko ransa?" Mazarin ya tsaya. Ta dubi wajen dutsen, ta naɗe zarenta ta shiga ɗaki.

Ranar bakwai gida ya cika, ana rabon gumba. Hantsi ya ɗaga sai ga ajidan da gardinsa, suka tsaya bakin zaure. Ina leƙe ta ƙarƙashin mayafi na ga Inna ta ajiye mazari. Ta miƙe, ta taka har tsakar gida, ta ɗora hannu biyu a ka, ta zube ƙasa. Sannan ta kira sunansa. Sau uku ta kira, da wata murya da ban san tana da ita ba, har awaki suka firgita a turke. Ba zan faɗi sunan ba, mijina ne. Abin da zan faɗa shi ne kukan nan ba na wasa ba ne. Shekara talatin na kira da ta haɗiye ne suka fito a lokaci ɗaya. Gidan ya yi tsit. Mata suka rufe baki da gefen zane, Baba ya sunkuyar da kai kamar an tuɓe shi a kasuwa. Ni kuwa na ji daɗi, Allah ya gafarta mini, na ce yau mun gama da su. Na dubi ajidan in ga tausayi a fuskarsa. Ba Inna yake kallo ba. Gardinsa yake kallo, shi kuma gardin yana kallon ƙasa, zufa na bin wuyansa.

Washegari Baba ya ɗauki ƙwarya ya tafi gona, sojoji shida suka bi sawunsa daga nesa. Kafin azahar suka sauko da mijina, hannuwa a ɗaure ta baya, ƙafa ba takalmi. Da gangan suka bi da shi ta ƙofar gidanmu. Na fito da gudu, na manta da mayafi, kaina a tsefe kamar na mahaukaciya. Ya dube ni, bakinsa a fashe, sai ya yi ɗan murmushin nan nasa ya ce wa matan da ke tsaye, "Ku kitse mata kanta. Ban mutu ba tukuna." Bai dubi Inna ba, ita ma ba ta fito ba. Ƙarshen ganina da shi ke nan.

Aka karya wa Baba haƙarƙari, aka kai liman gidan kaso a Tawa, aka tuɓe wa mai gari rawani. Sojoji suka loda dammunan hatsinmu a kamiyo suka tafi, rumfunan kasuwa suka daɗe suna warin su. An kitse mini kai kamar yadda ya ce, kitson bai yi wata biyar ba aka sake tsefe shi. Takarda ce ta zo daga kumandan, aka nemo mai karatu daga Takanamat, ya ce mijina ya rasu a wani kaso can cikin hamada, wai zazzaɓi. Gwaggon nan ce ta sake tsefe mini, wannan karon ba ta ce komai ba. Takaba biyu na yi wa miji ɗaya. Ranar da labarin ya zo Inna tana gindin rumbu tana kaɗi, ba ta ɗiga hawaye ko ɗaya ba, ta koma yadda uwarta da kakarta suka yi. Haihuwa ce ta fid da ni daga takabar, namiji, aka raɗa masa sunan ubansa.

Inna ba ta taɓa cewa ni na jawo ba. Da ta zage ni ko ta kore ni, da na samu sauƙi. Ita ta goya yaron, ita ta yaye shi, tana ce masa "maigida" tana yi masa wasan da ba ta yi wa uban ba. Sai a ciwon ajalinta, ina shafa mata man shanu a ƙafa, ta yi magana ba tare da ta dube ni ba. Ta ce, "Sau guda na kira shi a duniya. Ya sauko kuwa." Na ci gaba da shafa man.

Sauran labarin a nan Tawa na ji shi, bayan fari ya kore mu daga ƙauye, ina sayar da fura a bakin kasuwar dabbobi. Wani dogon tsoho ya tsuguna ya sha, ya ɗago ya dube ni, ya ambaci sunan garinmu. Gardin ne. Ya ce, "Baiwar Allah, ranar uku ai na riga na gama maku aiki. Ajidan ya tambaye ni don mi uwar ba ta kuka. Na ce mashi ɗan fari na, nan ƙasar uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka, ba ta kiran sunanshi ko an yanka ta. Na ce bushewar idon nan ita ce shaidar ya mutu, da ƙarya suke da sun sa ta birgima. Ya yarda, har ya rubuta. Bayan bakwai za mu tashi." Ya juya ludayin a hannunsa. "Da munka fito ranar bakwai ɗin nan sai ya ce mani, ko kai ka yi ƙarya, ko ita. Zaɓi. Ina da 'ya'ya, baiwar Allah. Wa ya sa ta?" Na ce masa Allah ne ya sa ta. Na ƙara masa nono, ya sha ya tafi, ni kuma na zauna da ƙwaryata har rana ta faɗi ban kira mai saye ko ɗaya ba. Garin gyaran gira na rasa ido, kuma ba idona kaɗai ba.

Na gaji da tuna wannan abu, shekaru sun yi yawa, duk waɗanda suka san shi sun kwanta. An ce kogon ma yanzu masu fasa dutse sun cinye shi. Shi ya sa ban so yarinyar nan ta tono ba, amma jiya da ta zo da littafinta ta ƙi buɗewa, ta ce sai na faɗa mata dalilin tambayata. Na ba ta labarin kamar yadda na ba ku. Ta share ido, can kuma halin jika ya motsa. Ta juyo mini da bangon littafin inda ta rubuta sunanta da na ubanta, ta san sarai ban iya karatu ba.

"To Kaka, mi ne sunan kakan namu? Faɗi mu ji, sau guda dai."

"Tambayi ubanki, ja'ira."

Ashe uban yana bakin ƙofa, ya dawo daga masallaci, ya tsaya yana jin mu. Ɗana na fari, ya yi ritaya, gemunsa fari fat. Ya ce, "Ni ma ban taɓa ji daga bakinta ba. Inna, zamani ya canza fa. Har yaushe?"

Na ce, "Shi ya sa ka yi furfura."

Suka kwashe da dariya, su a ganinsu tsohuwa ta yi barkwanci. Na bar su suka gama, na ce yarinyar ta rufe littafin ta miƙo mini butata.